Inabi a Kan Dutse: Kwarin Douro a Lokacin Girbi

Jirgin ƙasan da ke tashi daga Porto, a arewacin Fotugal, ya nufi gabas, yakan shafe fiye da awa guda yana ratsa ƙauyuka masu damshi, ciyawa kore shar, kafin ya gangaro bakin kogin Douro. Daga nan dogo ya manne wa gaɓar ruwa, don haka mai son ganin kogi sai ya nemi kujera ta hannun dama. Kafin a kai garin Régua, tafiyar kamar awa biyu, ƙasa ta sauya kamanni. Kore ya janye, tsaunuka sun matso sun tsuke kogin, kuma kowane gangare, tun daga bakin ruwa har inda ido ya tsaya, an yanka shi hawa-hawa an dasa inabi. Tsaunin Marão ne ya jawo haka. Tsayinsa mita 1,415, ya tare iskar tekun Atilantika, hadari ya juye ruwansa tun bai tsallako ba. Porto na samun ruwan sama kimanin milimita 1,200 a shekara, Régua wajen 900, Pinhão wajen 700, can kusa da iyakar Sifaniya kuwa abin bai fi 400 da ɗoriya ba. Akasarin ruwan nan da hunturu yake sauka, lokacin da kurangar inabi ke barci. Da bazara, sa'ad da take ɗauke da 'ya'ya, sai rana tsagwaronta, zafi a cikin kwari yakan haura digiri 40.

A watan Satumba na sauka Pinhão, girbi ya kankama. Ni ba mashayin giya ba ne, noma ne ya kai ni, amma ba yadda za a yi mutum ya fahimci gonar Douro bai bi inabin ya ga inda yake ƙarewa ba, domin abin da ake yi da shi ne ke yanke yadda ake dasa shi, da ranar da za a tsinke shi, da kuɗin da manomi zai samu. Yankin gaba ɗaya hekta 250,000 ne, inabi ya rufe sama da 40,000 daga ciki. Tun 1756 gwamnatin Markis na Pombal ta shata masa iyaka da turakun dutse, waɗansunsu na nan tsaye har gobe, kuma a 2001 UNESCO ta sa tsakiyarsa cikin wuraren tarihi na duniya.

Abu na farko da ya kamata baƙo ya yi shi ne ya durƙusa ya ɗebi abin da ke gindin kuranga. Ba ƙasar noma zai ɗebo ba, ɓaraguzan dutse ne, falle-falle, launin toka da ruwan ƙasa. Mutanen wurin suna kiran dutsen xisto. Amfaninsa yana cikin yadda ya kwanta: a mafi yawan gangaren, fallayensa a tsaye suke ko a karkace, ba a shimfiɗe ba. Ruwan hunturu yana bin tsagar ya nitse can ƙasa, saiwar inabi ta bi sawunsa mita da yawa, shi ya sa kuranga ke rayuwa wata uku ba ɗigon ruwa. Inda fallayen suka kwanta a shimfiɗe, saiwa takan ci karo da falalen dutse ta bazu a sama, kuma irin wannan gona ita ce ke fara yaushi a watan Agusta. Ƙasar da ake dasawa a ciki ma mutum ne ya yi ta. Kafin dashe sai an farfasa dutsen zurfin mita ɗaya zuwa ɗaya da rabi. Da can da diga da sandar ƙarfe ake yi, daga baya nakiya ta shigo, yanzu katafila. Duwatsun da ke sama ba a kwashe su. Suna rage ƙafewar laima, suna karya ƙarfin ruwan sama kada ya kwashe 'yar ƙasar da ke ƙarƙashinsu. Taki kuwa kusan babu a cikinta, ga ta da tsami, don haka sai an riƙa zuba mata farar ƙasa da takin gargajiya lokaci-lokaci.

Manyan duwatsun da aka tono su ne ake gina katangu da su, kuma katangun nan su ne suka riƙe komai. Wanda ya taɓa hawa Sukur a tsaunukan Mandara zai gane aikin da kallo ɗaya: dutse kan dutse, ba laka ba siminti. A wata gona sama da Pinhão na tarar da wani dattijon magini da samari biyu suna tada wani ɓangare da ya zube, tsawon kamar taku goma. Sai da suka kwashe duk abin da ya rufto, suka ware duwatsun kashi uku, manya da matsakaita da tsakuwa, sannan suka tona har suka taɓa uwar dutse, suka sassaƙe ta ta ɗan karkata zuwa cikin tsauni. A kanta aka jera mafi girman duwatsu. Kaurin gindin ya kai sulusin tsayin katangar ko ya fi. Kowane dutse yana hawa kan guda biyu ne, don kada tsaga ta miƙe daga sama har ƙasa, kuma ana kwantar da shi tsawonsa na shiga ciki, ba yana bin fuskar katanga ba. Bayan kowane 'yan layuka sai a sa wani dogo da ya ratsa kaurin gaba ɗaya ya ɗaure gaba da baya. Dattijon yakan ɗauki dutse ya jujjuya shi a hannu, ya ɗora, ya taka da ƙafa. In ya motsa ko kaɗan sai ya cire shi ya nemi wani. Ɗaya daga cikin samarin aikinsa kawai cusa tsakuwa a bayan katangar, tsakaninta da ƙasar gona.

Tsakuwar nan ita ce sirrin. Katangar dutse ba nauyin ƙasa ke kada ta ba, ruwa ne. Idan ƙasar baya ta sha ruwa ta ƙoshi, nauyinta ya ƙaru, ruwan kuma yana neman mafita. Katangar da ba siminti tana tsiyayar da shi ta kowace kafa. Dattijon ya nuna mini wani gyara da aka taɓa yi da siminti a gonar maƙwabta, cikinsa ya turo waje, ya tsage daga tsakiya. Ya ce alamar katangar da za ta faɗi ke nan, ta fara yin tumbi, kuma duk wanda ya ga haka bai rushe ya sāke ba, hunturu zai yi masa aikin, ya haɗa da kurangar da ke sama da ta ƙasa. A jikin tsofaffin katangu akwai fallayen dutse da aka bari sun zarto waje ɗaya sama da ɗaya, su ne matakalar ma'aikata. Hawansu da kaya a baya sai wanda ya saba.

Mafi tsufan hawa-hawan ƙanana ne, layin inabi ɗaya ko biyu a kowanne. Da yawansu yanzu kango ne, daji ya cinye, wasu an dasa musu zaitun. Ana ce musu mortórios, kuma tarihinsu na komawa ga wani ɗan ƙwaro, filoksera, da ya zo Turai daga Amurka ya shiga Douro a shekarun 1860. Yana tsotsar saiwa, inda ya tsotsa ya kumbura ya ruɓe, cikin 'yan shekaru kuranga ta mutu. Gonaki suka ƙare, iyalai suka watse, wasu suka haye Barazil. Maganin da ya tsaya har yau aure ne: a ɗauki gindin inabin Amurka, wanda saiwarsa ke jure ƙwaron, a aura masa reshen inabin gida. A Douro ana son gindin da ke zurfafa saiwa ya jure fari, irin su 110 Richter da 1103 Paulsen. Yanzu yawanci aurarren dashe ake saye daga gandun reno, amma tsohuwar hanya tana nan. A dasa gindin shi kaɗai ya yi shekara ya kafu, ƙarshen hunturu a datse shi dab da ƙasa, a tsaga kansa da wuƙa, a fiƙe reshe mai ido biyu a cusa a tsagar yadda koren da ke ƙarƙashin ɓawonsa zai haɗu da na gindin, a ɗaure, a tula ƙasa mai laushi a kai kada ya bushe. Kuskuren da aka fi yi shi ne a bar mahaɗar a binne. Reshen na sama sai ya fid da saiwarsa, ya daina dogara da gindin, ƙwaro ya samu abin da yake nema. Dole a buɗe ƙasar daga baya a yanke duk saiwar da ta fito sama da mahaɗa. Sabuwar kuranga ba ta ba da abin kirki sai a shekara ta uku ko ta huɗu.

Bayan filoksera aka gina sabbin hawa masu faɗi, katangu dogaye miƙaƙƙu, kowane hawa na ɗaukar layuka da yawa, kuranga har 6,000 a hekta. Su ne mafi kyau a ido, su ne kuma mafi tsada a riƙo, don tarakta ba ta shiga, sai alfadari da garma da mutum. Da matasa suka fice ci-rani Faransa da Jamus a shekarun 1960, wasu kuma aka kai su yaƙe-yaƙen Afirka, hannu ya yi ƙaranci, sai aka koma ga katafila. Tana yanka gangare ta fid da hawa mai faɗin layi biyu da hanyar ƙaramar tarakta a tsakiya, ba katanga, sai gaɓar ƙasa a tsaye. Waɗannan su ne patamares. A shekarun 1980 wani shiri da Bankin Duniya ya tallafa ya dasa hekta 2,500 a wannan tsari. Matsalolinsa ba su daɗe ba suka bayyana. Gaɓar tana cin fili, yawan kuranga ya sauko wajen 3,000 zuwa 3,500 a hekta, kowace ta samu wuri fiye da kima ta yi ganye da yawa. Layin ciki yana kan dutsen da aka yanka, na waje yana kan ƙasar da aka tura, don haka ba sa girma daidai, ba sa nuna tare. Gaɓar ba a iya nome ta da inji, aka dinga wanke ta da maganin ciyawa, ta zama tsirara, ruwan sama ya samu abin ci. Inda katafila ta toshe tsoffin magudanan da mutanen da suka shimfiɗa da dutse, ruwa ya taru a wuri ɗaya ya ɓalle, ya tsaga hawa biyar ko shida a dare guda. Na ga irin wannan tabo a gangare da dama daga kan hanyar da ta haɗa Régua da Pinhão. A ganina babu hujjar da ta fi wannan nuna cewa magina na farko sun fi masu katafila sanin inda ruwa ke bi.

An gyara tsarin daga baya. Sabbin hawan ƙanana ne, layi ɗaya a bakin waje, ta yadda inji zai iya miƙa hannu ya yanke ciyawar gaɓa ba sai an kashe ta ba. Ana yanka su da na'urar auna daidaito, a ɗan karkatar da su zuwa cikin tsauni, a kuma ba su gangare na mita 3 a kowace mita 100 a tsawonsu, ruwa ya bi a hankali ya faɗa magudana. Inda gangaren bai wuce saukar mita 30 zuwa 40 a mita 100 ba, wasu sun bar hawa-hawa gaba ɗaya, suna jera layukan a tsaye daga ƙasa zuwa sama. Wannan yana ɗaukar kuranga wajen 4,500 zuwa 5,000 a hekta, iska na ratsawa, amma sai an bar ciyawa tsakanin layuka an kuma gajarta tsawonsu, in ba haka ba kowane layi ya zama kwazazzabo.

Abin da za a dasa ya danganta da tsayi da kuma inda gangaren ya fuskanta. Kowace mita 100 da aka hau, zafi na raguwa da fiye da rabin digiri, shi ya sa gonar bakin kogi takan riga ta mita 500 nuna da mako biyu ko uku. Gangaren da ya kalli kudu yana shan rana wuni zubur, wanda ya kalli arewa yana samun sauƙi. Touriga Franca na son zafi, ana ba ta kudu. Tinta Barroca ɓawonta ba kauri, rana na motsar da ita tun ba ta nuna ba, sai a kai ta sama ko arewa. Touriga Nacional 'ya'yanta ƙanana ne baƙi wuluk, ba ta da yawan haihuwa, kuma in sanyi ko ruwa ya same ta tana fure sai ta zubar. Tinta Roriz, wadda Sifaniyawa ke kira Tempranillo, takan yi lodin da ya fi ƙarfinta in ba a rage mata ba, ruwanta ya fito salam. Farin inabi, irin su Rabigato da Viosinho, can saman tsauni yake, inda dare ke sanyi ya riƙe masa tsaminsa. A tsofaffin gonaki duk a gauraye suke, iri ashirin ko talatin a fili ɗaya, dabarar mutanen da ce don kada shekara guda ta kashe su duka. Da can gangaren kudu na kusa da kogi shi ne abin nema. Yanzu da bazara ke ƙara tsanani, masu sabon dashe sama suke hawa.

Aikin shekara yana farawa da aski a tsakiyar hunturu, a cire kusan duk rassan bara a bar 'yan idanu ƙidayayyu, domin yawan idon da aka bari shi ne yawan nonon da za a samu. Babban rauni a jikin kuranga, musamman in an yi shi ana ruwa, ƙofa ce ga cutar da ke ruɓar da itacen daga ciki, kuranga ta bushe farat ɗaya bayan shekaru. Cututtukan ganye biyu ne ke hana manomi barci. Ta farko, míldio, tana bin laima. Manoma na da ƙa'idar goma uku: in zafi ya kai digiri 10, sabon reshe ya kai santimita 10, aka yi ruwa milimita 10, to cuta ta samu hanya. Alamarta tabo kamar na mai a saman ganye, farar fumfuna a ƙarƙashi. Tsohon maganinta kilo ɗaya na shuɗin sinadarin jan ƙarfe da kimanin kilo ɗaya na farar ƙasa a lita 100 ta ruwa, kuma kariya ce ba warkarwa ba, sai an fesa kafin ruwa. Jan ƙarfe yana taruwa a ƙasa, ya fi illa a ƙasa mai tsami irin ta Douro, shi ya sa Tarayyar Turai ta ƙayyade shi kilo 28 a hekta cikin shekara bakwai. Ta biyu, oídio, ba ta jiran ruwa. Takan rufe 'ya'yan da wani abu kamar toka, ɓawo ya daina miƙewa, ɗan ya fashe. Farar wuta ce maganinta, amma in aka baɗa ta zafi ya wuce digiri 32 zuwa 35 ita ma ƙona ganye take. Sai kunar rana: wanda ya cire ganyen ɓangaren yamma don iska ta shiga, ya tona nonon ga ranar la'asar, wuni ɗaya ya isa ya soya shi. Wasu yanzu suna fesa farar laka a kan ganye don ta mayar da haske. Ban ruwa kuwa ba a sake shi ba, sai in fari ya tsananta.

Ranar girbi ana tsayar da ita ne da awo da baki. Ana matse 'ya'ya daga sassa daban-daban na gona a auna sukari, kowane giram 17 a lita zai ba da kashi ɗaya cikin ɗari na barasa. Sannan a tauna: ƙwallon ciki ya zama ruwan ƙasa yana ƙaras-ƙaras, ɓawo ya daina ɗaure harshe. A shekarar zafi sukari kan riga ɓawo nuna, kuma nan ne shawara ke wuya, don jira na ƙara nunar ɓawo amma yana cinye tsami. Masu tsinka suna shiga tun da asuba da ɗan almakashi, su yanke nono su cire ruɓaɓɓe a nan take. Da can da manyan kwanduna na kilo 50 zuwa 60 ake sauko da shi, a goye a baya da maɗauri a goshi, kamar yadda zanen tayil na tashar Pinhão ke nunawa. Yanzu akwatunan roba ne na kilo 20 zuwa 25, ba don tausayi kaɗai ba: a babban kwando na ƙasa yana murƙushewa, ruwansa ya fara tsima a rana kafin a kai gida. Abin da hekta ke bayarwa kaɗan ne, wajen tan huɗu, tsohuwar kuranga sau da yawa ba ta cika kilo ɗaya.

Da dare na shiga ɗakin matsa na wata gona da har yanzu ake takawa da ƙafa. Lagar, inda ake takawar, kwarami ne na dutse mai kusurwa huɗu, zurfinsa bai kai ƙugu ba, an cika shi da inabin da aka ɗan farfasa. Mutanen da suka wuni suna tsinka su ne suka wanke ƙafafu suka shiga da gajeren wando, suka jeru kafaɗa da kafaɗa, kowa ya dafa na kusa da shi. Wani na ba da umarni, hagu, dama, su kuma suna ɗaga gwiwa sama su sauke a tare, suna matsawa gaba kaɗan-kaɗan, in sun kai bango su juyo. Ba hira, sai ƙarar ruwa da muryar mai kira. Awa biyu ana haka, cinyoyinsu sun rine ja. Sannan aka saki layi, mai akodiyon ya fara, kowa ya taka yadda ya ga dama na wasu awa biyu. Dalilin ƙafa a fili yake: tana da nauyin da zai murje ɓawo a kan dutse ya saki launi, amma ba ta fasa ƙwallo, wanda in ya fashe ɗaci yake zubawa. Ƙafa kuma tana jin inda ke da sanyi da inda ya ɗau zafi, ta gauraya su.

Gaggawar tana da dalili. Giyar da ake kira Port ba a barin ta ta gama tsima, don haka kwana biyu zuwa uku kacal ake da su a fid da duk launi da ɗanɗanon da ke cikin ɓawo, abin da sauran giya ke ɗaukar mako ɗaya ko biyu. Washegari yis ya kama aiki, iska na tasowa tana tura ɓawo sama ya yi kauri a kan ruwan. Sai a gitta katako a kan kwaramin, mutane su tsaya a kai da dogayen sanduna masu haƙora suna danna shi ƙasa. In aka bar shi ya bushe a sama, ƙwayoyin da ke mai da giya ruwan khal su kama, kuma warin ba ya fita. Zafi ma abin tsaro ne: wajen digiri 28 zuwa 30 ake so, in ya haura 35 yis na iya mutuwa aikin ya tsaya a inda ba a shirya ba. Ana auna sukari kowane 'yan awoyi. Da kusan rabinsa ya juye, ko da ƙarfe uku na dare ne, sai a buɗe mafita ruwan ya gangara cikin babbar ganga, ana zuba masa tataccen barasar inabi mai ƙarfin kashi 77. Ma'aunin gargajiya lita 115 ce a kan lita 435, a samu ganga ɗaya ta lita 550, wadda ke cin inabi wajen kilo 750. Barasar na kashe yis, sauran sukari ya zauna, ƙarfin ya tsaya tsakanin kashi 19 da 22. In an yi jinkiri zaƙi ya tafi, in an yi sauri launi bai gama fita ba. Dole kuma a gauraya sosai, don barasa ta fi ruwan sauƙi, takan taru a sama, na ƙasa ya ci gaba da tsima.

Kaɗan ne ke takawa da ƙafa yanzu. A shekarun 1960, da hannu ya yi wuya kuma wutar lantarki ba ta kai gonaki ba, aka kawo wasu rufaffun tankuna da aka fara amfani da su a Aljeriya, waɗanda iskar tsimar da kanta ke tura ruwan sama ya zubo kan ɓawo. A ƙarshen shekarun 1990 kamfanin iyalin Symington ya fito da kwarami na ƙarfe mai ƙafafun roba da inji ke takawa, ana iya sanyaya shi ko a ɗumama. Kuma ba duk inabin ke zama Port ba, kaso mai yawa yanzu ana barin shi ya gama tsima ba ƙarin barasa.

Bayan hunturu akan sauko da sabuwar giya zuwa Vila Nova de Gaia, tsallaken kogi daga Porto, inda sanyin teku ke sa ta tsufa a hankali. Jirage masu shimfiɗaɗɗen ciki ne ke ɗaukar gangunan a da, ta cikin guguwar ruwa irin ta Valeira, inda Baron Forrester, Baturen Ingila da ya zana taswirar kogin, ya nitse a 1861. Sun daina aiki a shekarun 1960, madatsun ruwa sun kwantar da kogin, yanzu tankokin mota ne. Wadda aka ajiye a manyan ganguna ta ɗan lokaci takan riƙe janta. Wadda ta shekara goma ko ashirin a ƙananan gangunan katako tana shan iska ta koma ruwan zuma.

Abin da manoma suka fi yi mini magana a kai ba cuta ba ce, ba fari ba, takarda ce. Tun ƙarshen shekarun 1940 ake auna kowace gona da maki bisa tsarin da Álvaro Moreira da Fonseca ya tsara: tsayi, wuri, irin dutse, gangare, fuskantar rana, irin inabi, shekarun kuranga, yawan amfani da sauransu. Jimillar ce ke ba gona harafi, A ce kan gaba. Kowace shekara hukumar giyar Douro da Porto tana sanar da yawan gangunan Port da za a yi, a raba bisa harafi, kuma wannan izini shi ake kira benefício. Inabin da ke da izini yakan ninka wanda ba shi da shi a farashi, ko da daga kuranga ɗaya suka fito. Manoman yankin wajen 20,000 ne, mafi yawansu gonarsu ba ta kai hekta biyu ba, kuɗin izinin nan ne ke riƙe da su. Kasuwar Port na ja da baya, adadin ya sauko daga ganga 116,000 a 2022 zuwa 90,000 a 2024. Ragowar inabin ana sayar da shi a farashin da sau da yawa bai biya kuɗin noma a gangare ba, inda kusan komai da hannu ake yi, masu tsinka ma sai an nemo su daga nesa, har daga ƙasashen Asiya. Ƙaramin manomi in kuɗi ya gaza, feshi ba ya barinsa, aski ba ya barinsa, don su ne amfanin bana. Gyaran katanga da yashe magudana yake ɗagawa zuwa baɗi, kuma a gonakin da na bi tsakanin Pinhão da ƙauyukan da ke samansa, inda duk na ga katanga ta zube an bar ta, gonar ƙaramin manomi ce.